Rahoton Duba-Garin Jami'a Da Ya Kwana Cikin Fayil

Kowace babbar jami'a ta ƙasar Amurka tana da wani ofishi wanda ba a kai baƙo ya gani, ɗalibi kuma yakan yi shekara huɗu ya karɓi digirinsa ya tafi bai san inda ƙofarsa take ba. Shi ne ofishin kiyaye lafiyar muhalli da tsare haɗari. Ma'aikatansa ba sa koyarwa, ba sa shirya jarrabawa, ba a kuma jin sunansu ranar bikin yaye ɗalibai. Aikinsu shi ne bin ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu, su buɗe kabad, su karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, su murɗa famfo su ga ko ruwa yana zuwa, su tambayi wanda suka tarar yana aiki ina rigarsa, ina tabaraunsa. Da a ƙasar nan ne, da duba-gari za a kira su, irin waɗanda dattawa suke ba da labari, masu shiga gida-gida suna leƙa randa da salga da kwata. Sai dai su waɗannan, mai gidan da suke shiga wa ba talaka ba ne mai tsoron sammaci. Shaihin malami ne wanda ya fi su albashi, ya fi su sanin abin da ke cikin kwalbar, sau da yawa kuma shi ne yake jawo wa jami'ar miliyoyin daloli na kuɗin bincike. To, a nan wahalar aikin take.

Wanda bai san jami'a ba sai ya zaci wuri ne na littafi da allo kurum, alhali kuwa ta fuskar haɗari ta fi masana'anta wuyar sha'ani. Kamfanin da yake yin fenti ko takin zamani yana da sinadarai 'yan kaɗan amma masu yawa, ya san su, ya san halinsu, ma'aikatansa kuma aiki ɗaya suke maimaitawa shekara da shekaru. Jami'a kuwa dubban sinadarai gare ta, kaɗan-kaɗan, a warwatse cikin ɗaruruwan ɗakuna. Kowane malami ƙoƙarinsa shi ne ya gwada abin da ba a taɓa gwadawa ba, masu yi masa aikin kuma matasa ne da suke zuwa su tafi bayan shekara biyu ko biyar, wasu sababbi su maye gurbinsu.

Saboda haka ma'aikacin wannan ofishi ba ya rasa abin dubawa. Akwai akwatin zuƙe hayaƙi, wato wani babban akwati mai ƙofar gilashi da fanka a samansa, inda ake haɗa sinadarai masu tururi, sai ya auna ya ga iska tana shiga bakinsa da gudun ƙafa 100 a minti ɗaya ko kusa da haka. Akwai famfon wankan gaggawa da na wanke ido, waɗanda ƙa'ida ta ce kada su fi tafiyar daƙiƙa 10 daga inda ake aiki, su iya zubar da ruwa har minti 15, a kuma riƙa kunna su kowane mako don kada su toshe. Akwai ɗan bajo da masu aiki da tururin nukiliya suke maƙalawa a ƙirji, a karɓa a kai a kai a auna yawan abin da ya ratsa jikinsu. Akwai kwalaben dagwalo, waɗanda babbar jami'a ba ta da ikon tara su a ma'ajiyarta fiye da kwana 90. Ban da ƙwayoyin cuta da ake rainon su a sashen likitanci, da tukwanen iskar gas, da abin kashe gobara da ya daɗe a bango har ya sace.

Asalin Dokar

Wannan aiki ba tausayin hukumomin jami'a ne ya kawo shi ba, doka ce ta tilasta. Ran 29 ga Disamba, 1970, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar kiyaye lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, wadda ta haifar da hukumar da aka fi sani da OSHA a 1971. A cikin watan Disamban 1970 ɗin ne kuma aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato EPA. A 1976 Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar da dokar dagwalo mai guba, wadda ta ɗora alhakin irin wannan shara a wuyan wanda ya tara ta, tun daga ranar da ya zuba ta a kwalba har ranar da aka ƙone ta ko aka binne ta, ko da kuwa ɗan kwangila ya biya ya kwashe masa. Da fari masana'antu aka nufa da waɗannan dokoki. Sai a 1990 ne OSHA ta fitar da ƙa'ida ta musamman domin ɗakunan gwaje-gwaje, ta ce lalle kowace ma'aikata ta rubuta tsarinta na aiki da sinadarai, ta naɗa jami'in da zai kula da shi, ta horar da ma'aikatanta tun kafin su taɓa kwalba.

Jami'o'i sun daɗe suna ganin waɗannan dokoki kamar ba da su ake ba, har sai da EPA ta fara bin su da tara a ƙarshen shekarun 1990. Ko jami'ar MIT, wadda duniya ta sallama mata a fagen kimiyya, ba ta tsira ba. A 2001 ta yarda ta biya tarar dala 150,000, ta kuma kashe fiye da dala 400,000 a kan ayyukan gyaran muhalli, cikin laifuffukanta har da kwalaben shara marasa tambari da ajiya ba bisa ƙa'ida ba. Amma tara abin da akanta zai rubuta a littafi ne ya wuce. Abin da ya girgiza jami'o'in Amurka sosai shi ne wani al'amari da ya auku a Jami'ar Kaliforniya reshen Los Anjalis, wadda ake kira UCLA.

Ran 30 Ga Oktoba

Ran 30 ga Oktoba, 2008, jami'an ofishin tsare haɗari na UCLA suka shiga ɗakunan wani shaihin malamin kimiyyar haɗa sinadarai, Farfesa Patrick Harran, wanda bai daɗe da tasowa daga wata jami'a a jihar Teksas ba. Suka yi aikinsu yadda ya kamata. Suka rubuta kurakurai fiye da goma sha biyu, cikinsu har da cewa ma'aikatan ɗakin ba sa sanya rigar aiki, kuma ba a ajiye sinadarai masu saurin kama wuta bisa ƙa'ida ba. Aka aika wa Farfesan rahoton, aka aika wa shugaban sashe kofe, aka aika wa babban jami'in tsare haɗari nasa, aka ba da wa'adin gyara zuwa ran 5 ga Disamba. Wa'adi ya zo ya wuce ba a gyara ba. Hanzarin da aka kawo shi ne ɗakunan na wucin gadi ne, ana shirin ƙaura zuwa na dindindin, sai a bari in an koma can a gyara komai gaba ɗaya.

Duk ma'aikacin gwamnati da yake karanta wannan ya san irin wannan takarda. An rubuta ta, an sa mata hannu, an rarraba kofe uku, kowa ya sauke nauyinsa, ita kuwa ta shiga fayil ta kwanta.

Ran 29 ga Disamba, jami'a tana hutun ƙarshen shekara, wata matashiya 'yar shekara 23, 'yar asalin Pakistan, ta zo aiki a ɗaya daga cikin ɗakunan nan. Ba ɗaliba ba ce, ma'aikaciya ce mai taimaka wa bincike. Ta gama digirinta na farko a shekarar, ta kama aikin a watan Oktoba, niyyarta kuma ta ɗan yi aiki kafin ta shiga makarantar koyon aikin lauya. Abin da za ta yi ran nan shi ne ta ɗebo wani ruwa da ake kira butil-litiyam daga kwalbarsa ta zuba a wata. Shi wannan ruwa ba ya bukatar ashana, da zarar ya sadu da iska sai ya kama da wuta da kansa, shi ya sa ake sayar da shi a kwalba mai toshiyar roba, a kuma zuƙo shi da allura. Kamfanin da yake yin sa ya rubuta yadda za a yi: a nemi sirinji wanda girmansa ya ninka abin da za a zuƙo, a sa doguwar allura don kada sai an kifar da kwalba, in kuma abin da ake so yana da yawa a bar sirinji baki ɗaya a tura ruwan ta cikin siririn bututu. Ita kuwa sirinjin roba mai cin mililita 60 ne a hannunta da gajeriyar allura, abin da take zuƙowa kuma ya kusa cika shi. Ta taɓa yin wannan aiki sau ɗaya a watan Oktoba, amma da ƙaramin awo.

Tana cikin ja, sai sandar sirinjin ta fice daga bututunsa. Ruwan ya fantsamo mata a hannu da ƙirji ya kama da wuta, wata kwalba ta sinadari mai kama da fetur da ke buɗe a kusa ita ma ta kife ta kama. Ba rigar aiki a jikinta, rigar sanyi ce ta zaren roba, irin wadda in ta kama wuta take narkewa ta manne da fata. Famfon wankan gaggawa yana nan cikin ɗakin, 'yan taku kaɗan, amma ba a nufe shi ba. Wani abokin aikinta ya lulluɓe ta da tasa rigar, ita ma ta kama, sa'an nan ya riƙa ɗebo ruwa daga famfon wanke kwalabe yana zuba mata. Wutar ta ci fiye da kashi 40 cikin ɗari na jikinta. Ta yi kwana 18 a asibiti, ta rasu ran 16 ga Janairu, 2009.

Mai karatu ya lura, cikin dukan abin da ya kashe yarinyar nan babu wanda yake bukatar zurfin ilmi. Rigar da ba ta cin wuta, sirinji babba, da wanda zai tsaya ya nuna mata famfo ya ce in wuta ta kama ki nan za ki ruga. Na farkon ma yana rubuce cikin rahoton da aka miƙa wata biyu kafin ranar. Ofishin tsare haɗari ya ga ciwon, ya faɗi sunansa, amma ba shi da ikon garƙame ƙofa, bai kuma koma ya ga ko an gyara ba. Wannan shi ne raunin aikin a kusan ko'ina a wancan zamani. Malamin jami'a sarki ne a ɗakinsa, shi yake neman kuɗi, shi yake ɗaukar ma'aikata, shi yake sa hannu a kan digirin ɗalibinsa, ana kuma auna darajarsa da yawan abin da ya wallafa, ba da yawan rigunan da ya saya ba. Ɗalibin da ya ga ba daidai ba yakan yi shiru, don ba a faɗa da wanda makomar mutum take hannunsa.

Gaban Alƙali

A watan Mayu na 2009 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta jihar Kaliforniya ta ci jami'ar tarar dala 31,875, saboda rashin horo, da rashin kayan kare jiki, da ƙin gyara abin da masu dubawa suka nuna. Jama'a da yawa sun ga wannan kuɗi bai kai ya kawo ba, 'yan'uwan marigayiyar kuma suka ƙi barin maganar ta mutu. A watan Disamba na 2011 mai gabatar da ƙara na gundumar Los Anjalis ya tuhumi Farfesa Harran da hukumar gudanarwar jami'ar da manyan laifuffuka na karya dokar ƙwadago da gangan. Wannan ne karo na farko da aka gurfanar da malamin jami'a a Amurka gaban kotun manyan laifuffuka a kan haɗarin ɗakin gwaji, kuma da an same shi da laifi, da zai iya shan ɗaurin shekara huɗu da rabi.

Jami'ar ta tsaya a kan cewa abin da ya faru tsautsayi ne mai ban tausayi, ba aikata laifi ba, ta kuma ɗauki nauyin lauyoyin malaminta, aka ƙiyasta abin da ta kashe a kan shari'ar da kimanin dala miliyan huɗu da rabi. A watan Yuli na 2012 hukumar gudanarwa ta sasanta da mai ƙara: ta amsa alhakin halin da ɗakin yake ciki, ta yi alkawarin bin wasu tsauraran matakai, ta kuma ware dala 500,000 don ba da sukolashif na karatun dokar muhalli da sunan marigayiyar. Shi ma Farfesan ya sasanta a watan Yuni na 2014, bisa sharaɗin ya yi aikin taimakon jama'a na sa'a 800, ya koyar da 'ya'yan talakawa masu shirin shiga jami'a, ya kuma biya dala 10,000 ga asibitin ƙuna inda ta yi jinya. A 2018 alƙali ya kori ƙarar, ya ce an cika sharuɗɗa. Dangin yarinyar ba su gamsu ba, sun kuwa faɗa a fili.

Ko me mutum zai ce game da hukuncin, ofishin tsare haɗari ya fito daga wannan shari'a da ƙarfin da ba shi da shi a da. A UCLA aka fara shiga ɗakuna ba tare da sanarwa ba, aka sa dokar cewa babban kuskure sai an gyara shi cikin sa'a 48, aka raba riguna marasa cin wuta, aka kuma ba da ikon rufe ɗakin da ya ƙi ji. A 2011 Jami'ar Kaliforniya ta kafa cibiya ta musamman don nazarin tsare haɗari a ɗakunan gwaji. Malaman sauran jami'o'i ma, da suka ga ɗan'uwansu a gaban alƙali, suka fara karanta takardun da a da suke turawa ƙarƙashin tebur.

Giɓin Da Ke Cikin Doka

Abin da ya sa aka iya kai maganar UCLA kotu shi ne yarinyar ma'aikaciya ce mai karɓar albashi. Da ɗaliba ce, da dokar ƙwadago ba ta hau kan kowa ba, domin OSHA ma'aikata take karewa. Bugu da ƙari, hukumar ta tarayya ba ta da iko a kan ma'aikatun gwamnatin jiha, sai dai in jihar ta kafa tata hukumar, ita ce za ta kula da su. An ga wannan giɓi ƙarara a Jami'ar Fasaha ta Teksas. Ran 7 ga Janairu, 2010, wani ɗalibin babban digiri yana aiki da wani sinadari mai fashewa a wani bincike da gwamnatin tarayya take biyan kuɗinsa. Malamansa sun ce sun ƙayyade kada a haɗa fiye da miligiram 100 a lokaci ɗaya, amma da baki suka faɗa, ba a rubuta ko'ina ba. Shi kuwa ya haɗa kimanin giram 10, wato ninki ɗari. Ya ga abin ya yi gudaji, ya zuba rabinsa a ɗan turmi yana murjewa da taɓarya, ya kuma cire tabarau. Abin ya tashi, ya rasa yatsu uku, ya ƙone a hannu da fuska, ido ɗaya ya sami rauni.

Hukumar tarayya mai binciken haɗarin sinadarai, wadda ta saba bin matatun mai da manyan masana'antu, ta shiga wannan bincike, ta fitar da rahotonta a watan Oktoba na 2011. Ta ce ta tattara labarin haɗurra kimanin 120 a ɗakunan gwaji na jami'o'i tun daga 2001. Ta nuna cewa an yi ƙananan haɗurra biyu a ɗakunan malaman nan kafin babban, ba wanda ya ɗauki darasi. Ta kuma nuna cewa ƙa'idar 1990 ta fi mai da hankali a kan gubar sinadari, ta yi sakaci da mai fashewa.

Kada kuma a ɗauka bin ƙa'ida kaɗai ya wadatar, domin ita ƙa'idar ma tana iya kasancewa ba ta san komai ba. Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth ƙwararriya ce a kan gubar ƙarafa. A watan Agusta na 1996 tana aiki cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da riga da tabarau da safar hannu ta roba, duk yadda aka tsara, sai ɗigo ɗaya ko biyu na wani ruwa mai zaiba ya faɗa mata a kan safar. Ta gama aikinta, ta cire safa, ta manta. Bayan wata biyar ta fara tangaɗi, maganarta ta fara sarƙewa, ta rasu a watan Yuni na 1997 tana da shekara 48. Da aka gwada daga baya sai aka tarar wannan ruwa yana ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙa 15. Tun daga lokacin ne jami'an tsare haɗari suka daina tambayar ko mutum ya sa safa, suka koma tambayar wace iri ya sa, kuma don wane sinadari.

Kayan Gwanjo

Akwai wani ɓangare na aikin da ya shafi ma'ajin kaya da akawu fiye da masanin kimiyya, shi ne sanin abin da jami'a ta mallaka da inda yake. Sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Delhi a ƙasar Indiya ya sayo wata na'ura daga Kanada a 1968, mai ɗauke da sandunan ƙarfen kobal masu fitar da tururin nukiliya. An daina aiki da ita a 1985, ta zauna a ɗaki shekara 25, waɗanda suka san ta suka yi ritaya. A watan Fabrairu na 2010 aka haɗa ta da tsofaffin kaya aka yi gwanjonta, ta faɗa hannun 'yan gwangwan na kasuwar Mayapuri. Suka farfasa dalmar da ta lulluɓe sandunan don su sayar. A watan Afrilu aka fara kai su asibiti da ƙuna da zubar gashi, mutum ɗaya ya mutu, aka kuma yi kwanaki ana bin shaguna da na'ura ana tsinto gutsattsarin. Hukumar nukiliya ta ƙasar ta dakatar da jami'ar daga amfani da irin waɗannan kaya. Waɗanda abin ya ci ba su taɓa shiga aji a jami'ar ba.

A Nan Gida

Nijeriya ma da tsiya ta koyi wannan karatu. A 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na dagwalo mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Bendel ta lokacin, wadda yanzu yankin yake cikin jihar Delta. A shekarar gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan shara, da doka mai lamba 58, wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Wannan hukuma ta narke cikin Ma'aikatar Muhalli a 1999, a 2007 kuma aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Kayan nukiliya kuwa suna ƙarƙashin hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ta fara aiki a 2001.

Wurin da ya fi kowane shan dubawa a jami'o'in ƙasar nan yana Zariya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ba ta aiki sai da lasisin NNRA, hukumar nukiliya ta duniya ma tana sa ido a kanta. A 2018 aka cire mata yuraniyam ɗin da aka tace fiye da kashi 90 cikin ɗari, aka mai da shi Sin, aka sa mata na kashi 13 wanda ba a iya yin makami da shi. Wato inda akwai mai dubawa daga waje, mai ikon karɓe lasisi, abin yana yiwuwa a nan kamar ko'ina.

Tambayar ita ce ɗakin gwaji na yau da kullum, inda ɗaliban shekarar farko suke cunkushewa a kan tebur ɗaya. Dokar Masana'antu ta 1987 masana'anta aka nufa da ita, dokar biyan diyya ta 2010 kuma ma'aikaci ta sani, ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, giɓi iri ɗaya ke nan da na Amurka. Yanayin ƙasar ma yana ƙara nasa. Akwatin zuƙe hayaƙi kabad ne kurum in an ɗauke wuta ana tsakar aiki, famfon wankan gaggawa kuma ado ne in tanki ya ƙafe. Ga kuma hunturu, lokacin da iska take bushewa har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi.

Wannan ɗan tartsatsi da ake yi wa dariya shi ne ya cire hannun wata mai bincike a Jami'ar Hawai, tsibirin da iskarsa ma mai laima ce. Ran 16 ga Maris, 2016, tana haɗa iskar haidurojin da iskar oksijin a cikin tankin ƙarfe mai cin lita 49 don ciyar da wasu ƙwayoyin halitta, tankin kuwa ba a ɗaura masa wayar da take sauke lantarki zuwa ƙasa ba. Kafin ranar ta sha jin tankin yana jan ta in ta taɓa shi, ta kuma faɗa wa malamin da take aiki a ƙarƙashinsa, aka ce kada ta damu. Ana gobe abin zai faru ma wani ƙaramin tanki ya yi ƙara a hannunta, aka ci gaba da aiki. Cibiyar nan da Jami'ar Kaliforniya ta kafa a 2011 ita aka gayyato ta yi binciken, ta kuwa ɗora laifin a kan tartsatsin lantarki da rashin sa ido tun daga ɗakin har zuwa hukumar jami'ar. Hukumar ƙwadago ta jihar ta lissafa laifuffuka 15, ta yanka tarar dala 115,500. Bayan sasantawa aka rage ta zuwa dala 69,300.